Zira'i Arba'in ga Mutum Goma

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ɗora wasu bayinSa a kan wasu don Ya jarraba duka biyun. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa, duk wanda ya kwana a unguwar Aziziyya, yammacin Madina, ya san yadda gari ke waye mata. Ana sallame Asuba motocin kwasar ma'aikata sun jeru bakin titi. Ga ɗan Bangaladesh, ga Bamisire, ga ɗan Yaman, ga namu Hausawa. Wasu wajen gini za su nufa, wasu otal-otal na kewayen Harami. Kowane ayari yana da wanda ke kansa, ko mudir ko heluma. Da shi nake magana, domin shi ke tsaye tsakanin mai dukiya da mai gumi, kuma a wannan gari aka yi aikin da ya kamata ya koyi sana'arsa a kai.

A shekara ta 5 bayan Hijira, rundunar ƙawance ta mutum wajen 10,000 ta doso Madina, Musulmi kuwa ba su wuce 3,000 ba. Salmanul Farisi ya kawo shawarar a haƙa rami ta arewacin gari, dabarar da Larabawa ba su saba da ita ba. A lura da mai shawarar: baƙo ne daga Farisa, bai daɗe da fita daga bauta ba. Aka karɓa, har Muhajirai da Ansar suka riƙa jayayya, kowa na cewa Salmanu nasu ne. Sau nawa leburan da Larabcinsa bai nuna ba yake hango ɓarakar da injiniya bai gani ba, amma ya ja bakinsa don ya san ba za a saurare shi ba?

Sai rabon aiki. Masu tarihi sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yanka wa kowane mutum goma zira'i arba'in. A ganina a nan asirin yake. Mutum ya san inda nasa ya fara da inda ya ƙare, ya san mutum taran da zai haɗa kafaɗa da su. Mai ƙwazo ba a ƙara masa na malalaci, malalaci kuma ba shi da inda zai ɓuya. Yawancin husumar da ke tashi a wuraren aikinmu, in ka bi sawunta, za ka tarar ba a kan nauyin aikin ba ne, a kan rabon ne. Heluma ya ajiye wa ɗan garinsu ɓangaren inuwa, ya tura wanda ba shi da kowa ya hau da siminti bene na uku, gobe ma haka, sa'annan ya yi mamakin yadda aiki ke tafiyar hawainiya.

Kuma wanda ya yi rabon bai koma tanti ya zauna ba. Bara'u ɗan Azib ya gan shi yana jidar ƙasa har ƙura ta rufe fatar cikinsa. Da wani dutse ya gagari sahabbai, shi ya karɓi diga ya sauka ramin, alhali da dutse ɗaure a cikinsa saboda yunwa. Jabir ɗan Abdullahi ya ga haka, ya je gida aka yanka 'yar akuya, aka niƙa sa'i guda na sha'ir, ya zo ya raɗa masa gayyata shi da mutum kaɗan. Sai Manzon Allah ya ɗaga murya ya kira duk masu haƙa. Albarkar da ta sauka a tukunyar mu'ujiza ce, ba ta koyuwa. Ƙin cin abinci a ɓoye alhali mutanenka na jin yunwa kuwa, wannan kowa zai iya.

Hukumar Saudiyya ta yi nata. Tun 2013 aka soma tsarin kare albashi, wanda ke sa a biya ma'aikaci ta banki yadda za a iya bincika. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa mutum aiki cikin rana tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 3. Madalla. Sai dai doka riyal take ƙirgawa da awoyi. Ba ta jin sautin da aka kira mutum da shi a gaban 'yan'uwansa, ba ta kuma ganin ƙofar da aka rufe masa.

Sayyidina Umar ya san nauyin ƙofa. Da labari ya iske shi a Madina cewa gwamnansa na Kufa, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ya sa ƙofa a gidan mulki don hayaniyar kasuwa, sai ya aiki Muhammadu ɗan Maslama ya ƙone ta. Sa'adu fa, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Uzurinsa ba ƙarya ba ne, kasuwa tana da hayaniya. Amma babba juji ne, kuma ƙofar zamaninmu sau da yawa waya ce da ake kallo tana ƙara ba a ɗauka.

Shugaba shi ma yana da haƙƙi, kada ma'aikaci ya ɗauka shi kaɗai ake bin kadinsa. A wajen ramin munafukai sun riƙa sulalewa gida ba sallama, muminai kuwa ba sa tafiya sai sun nemi izini, kuma ƙarshen Suratun Nur ya yabi masu neman izinin, ya gargaɗi masu sulalewa. Amma a nan ɗin ma an umarci shugaba ya ba da izini ga wanda ya ga dama daga cikinsu, ya kuma nema musu gafara. Tun Maris na 2021 ma'aikacin kamfani na iya neman bizar fita da dawowa da kansa ta manhajar Absher. Hutun kuwa har yanzu a hannun mudir yake. Ranar da saƙo ya zo daga Katsina ko Maraɗi cewa mahaifiyar wani tana kwance rai a hannun Allah, mudir ne zai duba ya ga ko sauran taran za su iya riƙe zira'insa har ya dawo.