Kafin Ku Cire Ta Daga Aji

Jama'a, iyaye maza da mata, malamai da masu unguwanni, akwai maganar da ke saurin zuwa bakinmu idan za a cire yarinya daga makaranta: "Karatun mace ai a kicin zai ƙare." To, a ce haka ne. A kicin ɗin nan ake dama kunun yaye, kuma abin da aka zuba a cikinsa shi zai gina ƙwaƙwalwar jikanku.

Likitoci sun tabbatar cewa kwana 1000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, a cikinsu ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin girma. Wanda ya tsumbure a wannan tsakani da wuya ya kamo tsaransa. Kuma duk kwanakin nan a cikin uwa yake, ko a bayanta, ko a cinyarta.

Ku dube ta da tsakar dare, jikin yaro ya yi rau, kwalbar magani a hannunta. Wadda ta iya karatu za ta haska fitila ta ga awon da aka rubuta. Wadda ba ta iya ba sai ta auna da ka, ko ta buga wa maƙwabciya ƙofa, alhali ita ma maƙwabciyar jin labari ta yi. Haka katin rigakafi: mai karatu ta san allurar ƙyanda a wata 9 take. Ta san dakashi ba abin zubarwa ba ne, ta san idan gudawa ta kama yaro ruwan gishiri da sukari ake fara ba shi. Uwa-uba, ba ta jin nauyin tsare nas da tambaya har sai ta gane.

Tun 1979 wani masani, John Caldwell, ya yi nazarin alƙaluman da aka tattara a Ibadan, ya nuna 'ya'yan matan da suka yi makaranta sun fi tsira daga mutuwar ƙuruciya. Ba ina raina iyayenmu da suka raine mu ba tare da allo ko biro ba, Allah ya saka musu da alheri. Amma ku tambaye su nawa suka haifa, nawa suka binne.

Mai cewa wannan aƙidar Turawa ce, ya tuna Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864. Ita ta naɗa malamai mata da ake kira jajis, suna bi ƙauye-ƙauye suna karantar da matan aure a tsarin 'Yan Taru.

Saboda haka, ya ku iyaye, dokar UBE ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara, ku bar yarinya ta kammala. Idan aure ya zo, waliyyi ya sa ci gaba da karatu cikin sharaɗi, a gaban shaidu. Kai kuma maigida, idan matarka ba ta samu ba tun tana gida, ajin yaƙi da jahilci da Islamiyyar matan aure suna nan. Ka saya mata littafi, ka riƙe mata goyon na awa biyu ta je ta dawo.