HUKUNCIN AJIYE KARE DA CIYAR DA SHI: NASIHA GA MATASAN RUWAN BORE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi Sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, wata rana bayan an tashi wa'azi a Ruwan Bore, wani saurayi ya tsai da ni ya ce, "Malam, tunkiyata ta mutu ba yanka. In jefa wa karena, ko in binne?" Jama'a suka kwashe da dariya. To, ba abin dariya ba ne. Tambaya ce ta ilmi, kuma akwai lada da zunubi da ran mutum a cikinta.

WANE KARE AKA YARDA A AJIYE?

Ka sani, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Umar da Abu Huraira (R.A.) cewa wanda ya ajiye kare, ana rage masa ladan aikinsa kowace rana, ƙiraɗi ɗaya a wata ruwaya, biyu a wata, sai fa karen farauta ko na kiwo ko na gona. Ibnu Abi Zaid, mai Risala, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan Hijira, ya ƙara bayani cewa farautar ta zama ta neman abinci, ba ta sharholiya ba.

Sauran karen gadin gida. Masu sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa Ibnu Abi Zaid katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, ya ajiye kare. Da aka tuna masa Imamu Malik ya ƙi haka, ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Mutumin da ya kwana a ƙauyen Gusau ko Tsafe ko Bungudu yana sauraren motsin ɓarayin shanu, ba sai an yi masa fassarar wannan magana ba.

Amma saurayin da zai sayo karen Turawa don a ce shi ɗan zamani ne, yana yanka masa kaza, ga marayu a maƙwabta sun yi wata ba su ga nama ba, wannan almubazzaranci ne, ga kuma asarar lada kullum.

CIYARWA WAJIBI CE

In ka ajiye shi, abincinsa da ruwansa suna wuyanka. Mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Wata kuwa, mazinaciya, Allah Ya gafarta mata don ta ɗebo ruwa da takalminta ta shayar da kare mai ƙishirwa. Duk hadisan biyu suna cikin Buhari da Muslim.

Saboda haka al'adar wasu 'yan farauta ta hana kare abinci kwana biyu, wai don ya yi zafin nama, zalunci ce. Kuma wauta ce. Allah Ya halatta mana abin da horarren kare ya kama mana, a Suratul Ma'ida aya ta 4, in an ambaci sunan Allah. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim kuwa, Annabi (S.A.W.) ya hana cin abin da karen ya ci daga jikinsa, don ana tsoron kansa ya kama wa. Malikiyya sun sauƙaƙa a nan, amma mafi yawan malamai a kan hanin suke. To, kai da ka sako mayunwacin kare, wa kake zaton zai kama wa?

Hakanan rataya wa kare laya, ko jiƙa masa sauyoyin boka don ya yi sa'a, wannan ƙofar shirka ce. Sa'a a hannun Allah take. Ka tsinke layar, ka cika masa kasko.

MUSHE DA KAYAN CIKI

Yanzu ga amsar saurayin nan. Malaman Malikiyya sun halatta a jefa wa kare mushe, domin haramcin cin mushe a kan ɗan Adam yake. Amma akwai wata ƙa'ida da ta zo a hadisi cikin Muwaɗɗa, wadda ta hana cuta da cutarwa. Halal in zai jawo cuta, sai a bar shi. Ga kuwa abin da likitocin dabbobi suka tabbatar:

Na ɗaya, in dabba ta faɗi farat ɗaya ta mutu, jini na fita ta hanci ko baki ko dubura, ana tsoron ciwon saifa. An tabbatar da ɓullarsa a Suleja a 2023, da nan Jihar Zamfara a Janairun 2025. Kada ka feɗe, kada ka sai da fatar, kada ka ba kare. Ka sanar da ma'aikacin dabbobi, a ƙone ta ko a binne da zurfi. Ƙwayar cutar tana shekaru a cikin ƙasa ba ta mutu ba, kuma tana kama mutum.

Na biyu, in ka yanka ragonka, ko na layya ko na suna, ka ga ƙulli mai ruwa kamar mafitsara a hanta ko huhu, me mutanenmu ke yi? Sai a yanke wurin a cilla wa kare. Wallahi nan ne kuskuren. A cikin ƙullin nan akwai 'ya'yan tsutsa. Kare ya ci ɗanye, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito a kashinsa, ya hau ciyawa da ganye da gashin karen. Tunkiya ta ci ta kamu. Ƙanenka ya shafa kare, ya sa hannu a kwano, shi ma ya kamu. Ƙullin zai yi ta girma a hantarsa shekara da shekaru ba a sani ba, wani sai an kai ga fiɗa a asibiti. Irin wannan hanta, wuta ko rami.

YADDA ZA KA YI

1. Naman dabbar da ka kiwata, iyalinka da maƙwabta da miskinai su ne farko. Kare rabonsa ragowa.
2. Kayan ciki masu lafiya da guntayen nama, ka dafa su sosai, ka haɗa da ragowar tuwo ko dusa.
3. Kada ka ba shi dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke shi. Albasa ma tana cutar da jininsa.
4. Ka ware masa kaskonsa. In ya yi lallagi a kwanonka, wanki bakwai, kamar yadda Annabi (S.A.W.) ya yi umurni.
5. Ka nemo masa maganin tsutsa da allurar haukan kare wurin likitan dabbobi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin wannan allura.
6. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a garzaya asibiti a ranar. Ba a tsaya wurin mai tofi. An ƙiyasta haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 a duniya kowace shekara, kuma in alamunsa suka bayyana, da wuya a tashi.

Ya ɗan'uwa, kada ka ce kare ne kawai. Sahabbai sun tambayi Annabi (S.A.W.) ko akwai lada a kan dabbobi, ya tabbatar musu akwai shi a kan kowane mai rai. In ba ka da bukatar kare ta Shari'a, kada ka ajiye. In kana da ita, ka ji tsoron Allah a kansa, ka ji tsoron Allah a kan yaran gidanku.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.