Itacen Al'ul Bai Manta Ba

Ga tambayar da za ka tafi da ita wurin aiki yau: abin da aka yi ba mai gani, yana shiga lissafi?

A shekara ta 2012 wata ɗaliba a Jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan, mai suna Fusa Miyake, ta bayyana abin da ta gano a cikin tsofaffin itatuwan al'ul. Irin wannan itace yakan ƙara zobe ɗaya a kututturensa kowace shekara, don haka ana iya ƙirga shekarunsa baya, ɗaya bayan ɗaya. A zoben 774 zuwa 775 ta tarar wani sinadari, kabon-14, ya ƙaru farat ɗaya da wajen kashi 1.2 cikin ɗari. Yawancin masana sun yarda rana ce ta yi wani gagarumin aman wuta. Ƙwayoyin da ta watso suka bugi iskar sama, sinadarin ya samu, ganye ya shaƙe shi, itace ya kulle shi a jikinsa. Daga baya aka ga alamar wannan shekara a itatuwan Jamus, aka kuma gan ta a ƙanƙarar Girinlan da ta Antatika.

Wannan ya faru fiye da shekara 300 kafin a fara gina ganuwar Kano. Ba na'urar da ta auna shi. A Maris 1989 wata guguwar rana ta ɗauke wutar lardin Kwibek na Kanada har awa tara (mu nan awa tara ba labari ba ne), jaridu suka cika da zancen. Ta 774 kuwa shaidarta na kwance shiru cikin itace shekara 1,238, ba ta goge ba.

To, dawo gida. Ruwan da ke fita daga masana'antun Bompai yakan bi rafin Getsi ya shiga Jakara, har madatsar Wasai. Na Sharada yakan bi Salanta ya faɗa kogin Challawa. Kamfanonin jima suna amfani da sinadarin kuromiyum, kuma ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Yakan kwanta a laka, ya zauna a ƙasar lambun da ake shayarwa da ruwan. Masu bincike sun sha ɗibar ruwan nan da ƙasar nan suna aunawa, suna samunsa.

Wataƙila kai ne lebura ko mai gadi da wani na gaba zai ce wa, da tsakar dare, “Buɗe bututun nan, ba wanda zai sani.” Ban raina damuwarka ba. Akwai kuɗin haya, akwai kuɗin makaranta, ga mutum goma a bakin ƙofa suna jiran gurbinka. Za ka ce umarni aka ba ka, alhakin yana kan wanda ya bayar. Kason da ya fi girma nasa ne, gaskiya. Amma ka lura da yadda laka take rubutu: tana riƙe abin da aka zuba da yawansa, ba ta rubuta sunan manaja, ba ta rubuta naka. Suna a lamiri yake rubuce, kuma Ubangiji da ya sa itace ya riƙe lissafin rana ba ya bukatar fitila kafin ya ga hannun da ya murɗa makulli.

Ba lallai ka yi ihu ba. Kana iya tambaya ko ruwan ya bi ta wurin tacewa. Kana iya cewa a ba ka umarnin a rubuce. Sau da yawa mai mugun umarni ba ya son takarda. Ka kuma gaya wa dattawan ikilisiya tun da wuri, domin in aikin ya suɓuce, 'yan'uwa su san dalili, su riƙe iyalinka. Mai lambun da ke ƙasa da bututun, da asuba zai tayar da injin ban-ruwa, latas ɗinsa kuma kasuwa zai tafi, inda matarka take cefane.