Bakan Gizon Kaka

Wani saurayi ɗan Gubuchi, mai karatun zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya zo gida hutu daidai lokacin saran rake. An ba shi aikin zana gini mai lanƙwasasshiyar fuskar gilashi a manhajar Revit, aikin kuwa ya hana shi barci. Duk sa'ad da ya ja layi ya lanƙwasa, sai gilashin ya fito a miƙe daga wannan baki zuwa wancan, kamar tsirkiyar baka.

Kakansa tsohon magini ne, ya yi shekaru yana ɗora tubali da azara. Da la'asar ya tarar da shi a zaure ya zabga tagumi, ya ce, "Abokina, me ya sami akwatin naka?"

Yaron ya ce, "Kaka, wannan aikin zamani ne, ba irin naku ba."

Tsoho bai ji haushi ba. Ya leƙa allon, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a miƙo masa karan dawa. Ya shata rabin da'ira a ƙasa da yatsa, ya aza karan a kai ɗungurum, tsakiya ta yi gefe. Sai ya kakkarya shi gaɓa-gaɓa, ya jera guntayen bisa shatin ɗaya bayan ɗaya, har suka bi lanƙwasar tsaf.

Ya ce, "Azara ba ta lanƙwasuwa, in ka matsa mata sai ta karye. Guntaye muke jerawa, kowane ya ɗan zarce na ƙasa da shi, mu ɗaure da igiya, mu shafe da ƙasa. Haka ake bakan gizo. Haka Babban Gwani ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya, zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Kullum kana garin, ka taɓa shiga ka ɗaga kai?"

Yaro ya sunkuyar da kai. Ya koma kan kwamfuta ya rarraba bangon da layuka a tsaye. Da ya sa shida, sai ga kusurwoyi. Da ya kai ashirin da huɗu, fuskar ginin ta zagayo sumul. Nan ya gane cewa ba lallai ba ne a sayo gilashin da aka gasa a zafin digiri kusan 600 don ya lanƙwashe, mai ɗan karen tsada. Miƙaƙƙun fallaye ma sun isa, kuma in ɗaya ya fashe, sauya shi ba wuya.

Ya durƙusa ya ce, "Kaka, a gafarce ni."

Tsoho ya dafa kansa, ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma ka juya gilashin nan daga yamma, kada ranar bazara ta dafa mutanen ciki."

Kayan aiki kan sauya, amma hikimar sana'a tana wurin waɗanda hannunsu ya yi kanta a cikinta. Wanda ya raina tsohon gidansu yakan sha wahalar neman amsar da ke zaune a zaurensa.