Ƙololuwa Ba Wurin Zama Ba Ce



Jiya bayan La'asar na bi ta Panisau, na tsaya ina kallon duwatsun nan. An kwana ana ruwa, amma saman dutsen ya bushe ƙayau. A gindinsa kuwa gero da dawa sun yi shar. Shi ruwan ya fara taɓawa, amma bai riƙe ko ɗigo ba. Sai na tambayi kaina: shin ɗaukaka ni'ima ce ko jarrabawa?

Namu duwatsun ƙanana ne. Mafi tsayi a Najeriya shi ne Chappal Waddi a jihar Taraba, kan iyakar Kamaru, mita 2,419. Na duniya kuma Everest, tsakanin Nepal da Sin, mita 8,849. Duk hawan mita 1,000, zafi na raguwa da kusan digiri 6. A ƙololuwar Everest, abin da huhu ke samu a shaƙa ɗaya bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ake samu a bakin teku ba. Shi ya sa mutum zai yi makonni yana hawa, ya ɗan tsaya, ya juyo. Ba mai kafa gida a can.

Ni na manta da wannan. Tun da aka fara kirana Malam, na hau na zauna. Kwanan baya wani dattijo maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, yanzu ganinka sai a waya." Ashe mai ɗakinsa ta yi mako biyu a kwance ban sani ba, katanga ɗaya tsakaninmu. Wallahi a makon nan na yi rubutu kan haƙƙin maƙwabtaka, ana ta yaɗawa. Kunya ta hana ni barci.

To, laifin tsayi ne? A'a. Ƙanƙarar da ke narkewa a gefen Everest tana gangarawa ta kogin Koshi zuwa Ganges, manoma su yi ban ruwa. Ƙoramun yankin Chappal Waddi suna ƙarewa a Binuwai. Amfanin dutse yana cikin abin da ya sauko daga kansa.

Ɗan uwa, ilimi ne, kujera ce, ko dukiya, me ya gangaro daga wajenka zuwa na ƙasa? Ni dai na je dubiya, a makare.

Allah Ya sa mu dace.