Idan Likita Ya Ce Sai Addu'a, Me Ya Wajaba a Kanmu?

Da wuya a sami gida a cikin majami'unmu da bai taɓa jinyar tsoho ko tsohuwa a asibiti ba. Mun san zaman tabarma a gindin gado, mun san kuma ranar da likita yakan kira manyan gida gefe ya yi musu magana a hankali. A wannan rana tambaya mai nauyi takan faɗo a kanmu, kuma gara mu yi tunani a kanta tun muna cikin natsuwa, kafin ta same mu cikin ruɗewa.

Mu ɗauki misalin da muka saba gani. Baba ya haura shekara 80. Hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, ga kuma ƙodarsa ta daina aiki. Likita ya ce akwai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, wanda zai iya ƙara masa 'yan makonni, amma ba zai warkar da shi ba, kuma jikinsa ya yi rauni ƙwarai. Babban ɗansa, wanda ke aiki a Legas, ya ce a yi duk abin da za a yi, ko da za a sayar da gonar gado. Ƙanwarsa, wadda ta yi wata uku tana jinya, ta ce, "Yaya, Baba ya gaji. Ya sha roƙona a mai da shi gida." Shi kuwa ya ce, "Ashe so kike mu kashe ubanmu da hannunmu?" Dukansu biyu ƙaunar Baba ce ta sa su magana. To, wanne ne yake kan gaskiya?

Abu na fari, rai na Allah ne, amana ce a hannunmu. Doka ta biyar ta hana kisa, kuma tsufa ko ciwo ba su rage darajar mutum. Saboda haka Eklesiya ta haramta duk wani aiki, ko barin aiki, da aka yi da nufin gaggauta mutuwar majinyaci, ko da tausayi ne ya kawo shi. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya tabbatar da wannan a wasiƙarsa ta 1995 a kan Bisharar Rai. Ƙasashen Holan da Beljiyam sun halatta wa likitoci irin wannan kisa a 2002, amma Eklesiya ba ta sauya koyarwarta ba, har ma ofishin kula da koyarwar bangaskiya na Roma ya sake jaddada ta a 2020.

Abu na biyu, wanda da yawa daga cikinmu ba su sani ba, shi ne Eklesiya ba ta ɗora mana wajibcin amfani da kowace na'ura da kowane magani har numfashin ƙarshe ba. Tun a 1957 Paparoma Piyus na Goma Sha Biyu ya shaida wa taron likitoci cewa abin da ya wajaba shi ne magani na yau da kullum, wanda bai zama kaya mai tsananin nauyi ga majinyaci ko ga danginsa ba. A 1980 Roma ta ƙara bayani cewa a auna wahalar maganin, da haɗarinsa, da kuɗinsa, a kwatanta su da amfanin da ake sa ran samu. Katikisim na Eklesiyar Katolika na 1992, a lamba ta 2278, ya koyar da cewa ana iya dakatar da maganin da wahalarsa ta wuce amfaninsa.

Wani zai ce, ai duk ɗaya ne, tunda ƙarshensa mutuwa ce. Amma akwai bambanci a wurare biyu: abin da ya yi sanadin mutuwar, da kuma nufin zuciya. Wanda ya yi wa tsoho allurar da za ta tsayar da zuciyarsa, shi ne ya kashe shi, kuma mutuwar yake nema. Wanda kuwa ya daina wankin ƙodar da ba ya amfanar Baba, cutar ce ta ɗauke shi, kuma da Baba zai farfaɗo, da wannan mutum ne zai fara yin godiya. Wani kuma zai ce, Allah mai iko ne, yana iya yin mu'ujiza. Gaskiya ne, amma ikonsa bai dogara da na'ura ba, yana iya tā da bawansa a ɗakinsa kamar yadda zai iya a asibiti.

Duk da haka, akwai kulawar da ba a janyewa. Hausawa sun ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Abinci da ruwa, wanka da tsabtar shimfiɗa, juya majinyaci don kada gyambo ya kama bayansa, da zama kusa da shi, duk hakkinsa ne har ƙarshe. A 2007 Roma ta bayyana cewa ciyarwa ta bututu ma tana cikin wannan kulawa, muddin jiki yana karɓar abincin yana amfana da shi. Haka kuma maganin rage zafin ciwo halal ne, ko da mai ƙarfi ne wanda zai iya rage kwanaki, idan nufin shi ne sauƙaƙa ciwo. Kada mu bar tsofaffinmu suna nishi dare da rana da sunan haƙuri.

Sai maganar kuɗi, wadda muke jin kunyar ambata. Yawancinmu daga aljihunmu muke biyan asibiti, kuma ba zunubi ba ne iyali su yi la'akari da makarantar jikoki da abincin gida. Sai dai a nan ne zuciya takan yaudari mutum. Idan ciwon mai warkuwa ne, kamar zazzaɓin cizon sauro ko ciwon huhu, muka ƙi kai tsoho asibiti saboda ƙyashin kuɗi, ko saboda idonmu yana kan gado, mun karya doka ta huɗu da ta biyar gaba ɗaya. Abin kunya ne a hana mahaifi magani yana da rai, sa'an nan a yanka shanu a ɗinka anko ranar jana'izarsa. Haka nan, mai cewa a sayar da gona ya tambayi kansa, don Baba ne, ko don kada mutane su ce bai yi ƙoƙari ba, ko don ya biya bashin shekarun da bai zo gida ba?

Wa ke da ikon yanke shawara? Idan majinyaci yana cikin hankalinsa, maganarsa ce gaba da ta kowa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Al'adarmu ta ɓoye wa tsoho gaskiyar ciwonsa tana hana shi shirya kansa, ya yafe, ya nemi yafewa, ya sa wa 'ya'yansa albarka. Idan kuwa ba ya iya magana, iyali su zauna tare, a saurari Mama da wadda ke jinya, a nemi sanin abin da shi kansa yake so tun yana da lafiya. A tambayi likita dalla-dalla: wannan magani warkarwa zai yi, ko jan kwanaki? Wace wahala ke cikinsa? Idan an bar shi, yaya za a kula da majinyaci? Bayan an yanke shawara cikin addu'a, kada a dawo ana zargin wani da maita ko mugun nufi.

Muna da misali a Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kansa. A Fabrairu 2005 sau biyu aka kwantar da shi a asibitin Gemelli da ke Roma, har aka yi masa aiki a maƙogwaro don ya iya numfashi, daga baya kuma ya karɓi ciyarwa ta bututu. Da zazzaɓi mai tsanani ya kama shi a ƙarshen Maris, sai ya zaɓi zama a gidansa a Batikan, likitoci suna kula da shi a can, har ya huta ranar 2 ga Afrilu 2005 yana da shekara 84.

Kada kuma mu jira sai numfashi ya fara sarƙewa kafin mu kira Fada. Babban Taron Batikan na Biyu ya koyar a 1963 cewa Shafewar Marasa Lafiya ta dace da duk wanda ciwo ko tsufa ya fara jefa shi cikin haɗari. A kira Fada tun Baba yana iya furta zunubansa da bakinsa, ya karɓi Jibi Mai Tsarki a matsayin guzurin tafiya.

To, mu koma ga wa da ƙanwarsa. Da likita ya ce akwai begen ƙodar ta farfaɗo, da wan ne yake kan gaskiya, a gwada gwargwadon hali. Amma tunda likita ya ce babu warkewa, Baba kuma ya roƙi gida da bakinsa, mai da shi gida ba kisa ba ne, in dai za a ci gaba da ciyar da shi, da rage masa ciwo, da zama tare da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka Zumuntar Mata da matasa da malaman katikisim su riƙa ziyartar irin waɗannan gidaje, su karɓi mai jinya ta huta. Bari Yusufu Mai Tsarki, majiɓincin masu barin duniya, ya yi addu'a domin tsofaffinmu da mu masu jinyarsu. Amin.