Tsatsar Bindiga

A ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum, maƙeri ya saba tayar da tsohon ƙarfe. A kawo masa garma ko lauje da tsatsa ta ci, ya kankare, ya goge, ya shafa mai, sai ka ce sabo. Yanzu har da bakin tsohuwar bindiga da kunamarta ake kawo masa. Shin wanda ya kankare fenti da tsatsa har bindiga ta koma tana ƙyalli, yana da kaso a abin da za ta aikata?

Maƙeri zai ce shi ƙarfe ya goge, bai harbi kowa ba. Zai ƙara da cewa manomin da 'yan bindiga suka hana zuwa gona yana da haƙƙin kare iyalinsa. Duka gaskiya ne, amma Bagega ta koya mana inda irin wannan uzuri yake ƙarewa.

A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta kashe yara fiye da 400. Masu niƙa dutsen zinare a tsakar gida abinci suke nema, ba su san ƙurar na ɗauke da guba ba. Sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega. Tun da aka sani, wanda ya sake niƙa dutse kusa da yara ba zai fake da neman abinci ba. Sani ne ke ɗora wa mutum alhaki.

Maƙeri kuwa ya san aikin bindiga tun kafin ya taɓa ta. Hannun da za ta faɗa ne ba ya gani: wadda aka gyara don tsare gari tana iya kashe makiyayin da bai ji ba bai gani ba. Mikhail Kalashnikov, wanda ya ƙera AK-47, kafin rasuwarsa a 2013 ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa yana tambaya ko rayukan da bindigarsa ta ɗauka suna wuyansa. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da hana sayar da makami ga wanda aka san zai yi ɓarna da shi.

Don haka kafin maƙeri ya soma kankara, ya tambaya: ta wane ce, kuma me za a yi da ita? In amsar ba ta kwanta masa a rai ba, ya mayar wa mai ita da tsatsarta, ya haƙura da kuɗin aikin.